Babi na Shida: Ƙafar da Ta Iya Dira

Wanda ya kama hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya bi ta Dawanau ya nufi Bichi, zai yi tafiya mai nisa idonsa bai sauka kan daji ba. Gona ce ke bin gona, iyakarsu layin gamba ko shingen aguwa, a tsakiya ga gawo ga ɗorawa ga kuka, kowace bishiya da mai ita. Ba a barin saura ta huta a wannan yanki. Da rani a kai taki a mangala ko a amalanke, da damina a shuka gero da dawa, a cusa wake da gyaɗa a tsakaninsu, haka shekara da shekaru. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara rubutu kan yadda ɗimbin jama'a ke cin abinci daga wannan ƙasa ba tare da sun kashe ta ba. Inda kowane taku yake da mai shi, filin wasa tsada gare shi.

Cikakken filin ƙwallon ƙafa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Na badminton mita 13.4 ne da 6.1. In aka buga lissafi, ƙasar da filin ƙwallo ɗaya zai cinye za ta ɗauki filin badminton fiye da 80. Tsakanin ajujuwa biyu na makarantar firamare ya isa, tsakar gidan dagaci ma ya isa. Babbar matsalar ita ce iska, domin ƙwallon gashin tsuntsu guda 16 ne aka soke a ɗan toshe, nauyinsa wajen giram 5, iskar hunturu kuwa ba ta barinsa ya je inda aka aike shi. Shi ya sa masu bugawa a waje suke yin sammako ko su laɓe a bayan katanga, shi ya sa kuma hukumar badminton ta duniya ta fito da nau'in wasan na waje a 2019, mai ƙwallon roba da ya fi jure iska. Wannan babin ba kan iska yake ba. Kan ƙafa yake.

Ƙanƙantar filin tana yaudarar wanda bai taɓa shiga ba. A wasan mutum ɗai-ɗai faɗin yana raguwa zuwa mita 5.18, rabin da ɗan wasa yake tsaro kuma tsawonsa mita 6.7 ne. Daga tsakiya zuwa kowace kusurwa mita 4 ne da 'yan kai, taku biyu ko uku. Ba a samun sararin da za a ware da gudu. Abin da ake yi shi ne zabura, taka birki, juyawa, sake zabura, a tashi sama a doka, a diro, a koma tsakiya kafin abokin karawa ya mayar. Kowace musaya sakan kaɗan ce, amma a wasa ɗaya ana maimaita wannan tashi da tsayawa sau ɗaruruwa. Ƙwallon kuma ba ya jira. A 2023 Satwiksairaj Rankireddy na Indiya ya doka shi ya tashi da gudun kilomita 565 a awa, a ɗakin gwaji na kamfanin Yonex a Japan. A fili bugu bai kai haka ba, gashin ma yana rage masa gudu da wuri, amma duk da haka mai tarar dukan ƙasa ba ya samun ko rabin sakan. Mai dogon numfashi da ba shi da zafin nama zai gaji da ɗauko ƙwallo daga ƙasa.

Abin da ke cikin ƙafa

Mai karatu, tashi ka gwada wannan. Ka yi rabin tsugunno, ka tsaya a haka ka ƙirga biyar, sannan ka yi tsalle iya ƙarfinka. Ka huta. Sai ka sake, amma a wannan karon daga tsaye ka yi ƙasa da sauri ka tashi nan take. Kusan kowa zai ga na biyun ya fi kai shi sama. Ƙafar ɗaya ce, ƙarfin ɗaya ne, to daga ina ƙarin ya fito?

Tsoka ba kai tsaye take manne da ƙashi ba, jijiya ce ke haɗa su. Mafi kaurin waɗannan jijiyoyi ita ce agara, wadda ta ɗauko daga sha-raɓa ta sauka a dunduniya, sai kuma wadda ta ratsa ƙoƙon gwiwa ta kama ƙwauri. Idan nauyin jiki ya faɗa kan ƙafa da sauri, waɗannan jijiyoyi suna miƙewa su ajiye ƙarfi, kamar danƙon da yaro ya ja zai harbi tsuntsu a gonar gero. Sai dai yaro yana iya riƙe danƙonsa a jaye har tsuntsun ya zauna daidai, ƙafa kuwa ba ta da wannan haƙuri: in aka yi jinkiri tsakanin sauka da tashi, abin da aka ajiye sai ya salwanta. Bayan wannan, a cikin tsoka akwai wasu 'yan ƙananan masu jin miƙewa. Da zarar an fizge ta, sai su aika saƙo zuwa laka, laka ta mayar da umarnin tsukewa tun kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ake ciki. Na uku, yin ƙasa da sauri yana ba tsoka damar ɗaure kanta, ta riga ta kai ƙarfi kafin a fara turawa sama. Waɗannan uku su ne ƙarin. Masana sun raba tsalle gida biyu bisa daɗewar ƙafa a ƙasa: wanda bai kai rubu'in sakan ba, da wanda ya wuce haka. Badminton tana bukatar duka biyun, ɗan tsallen shiri na gajeren ne, dogon takun da ake miƙawa gaban raga na dogon ne.

Atisayen da ke horar da wannan aiki shi ake kira filayometirik, mu a nan za mu ce atisayen tsalle. Wanda ya kafa shi a kan ilimi shi ne Yuri Verkhoshansky na Tarayyar Sobiyet. Yana horar da 'yan tsalle a Mosko, sai ya lura cewa gwanayen tsalle mai hawa uku ƙafarsu ba ta daɗewa a ƙasa, amma a wannan ɗan lokaci tana ɗaukar nauyi mai ban tsoro. Sai ya fara sa 'yan wasansa su hau akwati su faɗo, da taɓa ƙasa su tashi sama. A shekarun 1960 ya daidaita tsarin, yana amfani da tsayin santimita 75 zuwa 110. Amurkawa sun ga yadda 'yan Sobiyet ke cinye gasa, musamman bayan Valeriy Borzov ya lashe tseren mita 100 da na 200 a gasar Olympics ta Munich a 1972, suka bi sawu, mai horarwa Fred Wilt ya yaɗa sunan da aka san atisayen da shi a 1975. Abin da aka fi mantawa shi ne mutanen Verkhoshansky manya ne da suka shekara suna ɗaga ƙarfe. Bai tsara wannan faɗowa don ɗan shekara 13 ba, kuma duk bidiyon da ya nuna maka akasin haka a waya, ka wuce shi.

Yana aiki? Yana yi. A 2006 Michael Miller da abokan aikinsa a Amurka sun sa matasa atisayen tsalle na mako 6, suka auna su da gwaje-gwajen gudu da juyi, waɗanda suka yi atisayen suka rage lokaci, waɗanda ba su yi ba suka tsaya inda suke. An yi ta maimaita irin wannan a kan 'yan wasanni daban-daban, har da 'yan badminton, sakamakon yana karkata gefe guda. Mako 6 zuwa 8 na aiki mai tsari yana sauya yadda ƙafa ke barin ƙasa.

Langa

Yaran Kunci da Tsanyawa da Makoɗa ba baƙin wannan aiki ba ne. Da kaka, in an kai amfani gida, farin wata ya fito, ana langa a dandali. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana ture na gabansa, yana kauce wa mai ture shi, 'yan ɓangarensa suna kare ruwa har ya kai ga sha. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Wasan ya kai har cikin gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa.

Duba abin da ƙafar ɗan langa take yi. Tana tashi tana dira ita kaɗai, sau bila adadin, ba ta daɗewa a ƙasa. Tana zuwa gaba, tana zuwa gefe, tana ja da baya, kuma ba ita ke zaɓar lokacin ba, abokin karawa ne ke tilasta mata. Ana bangazar mai ita yana sama, dole idon sawu da gwiwa da ƙugu su nemo daidaito kafin ya taɓa ƙasa. Tsallen ƙafa ɗaya zuwa gefe yana cikin atisaye masu wuya da littattafan horarwa ke ajiyewa sai ƙarshe, ga shi yaranmu suna yi don nishaɗi tun suna 'yan shekara 7. 'Yan mata kuma suna da 'yar gala-gala da tsallen igiya. Ni a ganina wannan jari ne da ɗan birni mai zuwa makaranta a mota ba shi da shi, kuma malamin wasannin da ya hana langa don ya koyar da "atisayen zamani" ya zubar da abin da ya fi wanda ya kawo.

Amma langa tana da giɓi, kuma dole a faɗa. Yaro yakan zaɓi ƙafar da ta fi masa ƙarfi ya liƙe mata, ɗayar kullum tana hannu. Ɗan badminton ba shi da ƙafar ajiya. Na-dama yana miƙa ƙafar dama gaban raga, amma in ya tashi sama a bayan fili ya doka, sau da yawa a kan ta hagu yake dira. Don haka gyara na farko mai sauƙi ne: a riƙa sauya ƙafa kowane zagaye. Giɓi na biyu ya fi girma. A langa ba wanda ke duba yadda aka dira, muddin ba a faɗi ba.

Dira

A nan nake son a daɗe, domin a nan ake rasa 'yan wasa. Kowa na son ganin yaro ya tashi sama ya doka ƙwallo ƙasa, 'yan kallo su yi shewa. Ba mai tafa wa dira. Alhali lokacin da ƙafa ta karɓi jiki daga sama, nauyin da ke hawa kanta ya ninka nauyin mutum sau da yawa, kuma cikin ƙiftawar ido. In ƙugu da gwiwa da idon sawu suka lanƙwashe tare, tsoka ce ke shanye shi. In ƙafa ta sauka a miƙe, ko gwiwa ta faɗa ciki tana neman 'yar'uwarta yayin da jiki ya karkata gefe, sai nauyin ya tafi kan wata 'yar jijiya da ke can cikin gwiwa, wadda ke hana ƙwauri zamewa gaba. Ita ba ta miƙewa ta dawo. Tsinkewa take yi.

Carolina Marín ta Sifaniya ta ci zinare a gasar Olympics ta Rio a 2016, ta zama zakarar duniya sau 3. A Janairun 2019, a wasan ƙarshe a Jakarta da Saina Nehwal ta Indiya, ta diro a kan ƙafar dama, jijiyar ta tsinke. Aka yi mata aiki, ta dawo. A 2021 ta gwiwar hagu ta tsinke, ta rasa gasar Olympics ta Tokyo. Ta sake dawowa. A ta Paris a 2024, a wasan kusa da na ƙarshe, ta ci zagayen farko tana kan gaba a na biyu a kan He Bingjiao ta Sin, ta tashi ta doka, ta diro a kan ƙafar dama, ta zube tana kuka. Marín bahaguwa ce. Likitoci a Japan, ƙarƙashin Yuka Kimura, sun bi diddigin irin wannan rauni a 'yan badminton suka wallafa a 2010, suka ga hanyar da ya fi zuwa ita ce dira a ƙafa ɗaya bayan bugun sama, kuma gwiwar da ke kishiyar hannun raket ce ke tafiya. Hanya ta biyu ita ce kafa ƙafa a juya da sauri, a nan kuma gwiwar ɓangaren raket ce. Mata sun fi maza faɗawa wannan rauni a wasannin tsalle da juyi, don haka malamar da ke horar da 'yan mata a makarantar kwana ta fi kowa bukatar wannan shafi.

Marín tana da likitocin tiyata da masu gashin ƙashi da kuɗin jinyar wata da watanni. Yaron Minjibir da wannan jijiya ta tsinke masa za a kai shi wurin mai ɗori. Masu ɗori sun iya karaya da targaɗe, ba na raina aikinsu, amma wannan jijiya tana cikin gaɓa, ba a ɗaure ta daga waje ta haɗe. Kumburi zai saɓe, yaro ya tashi ya yi tafiya, sai ranar da ya zo juyawa gwiwa ta balle masa. Ba wasa kaɗai ya rasa ba. Da wannan gwiwar zai yi huɗa, da ita zai ɗauki dami, da ita zai durƙusa a sallah har tsufansa.

Saboda haka darasin farko na atisayen tsalle ba tsalle ba ne. A sa yaro ya hau dakalin aji, wanda bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, ya sako ƙafa ya diro da ƙafa biyu, ya tsaya cak a ƙirga uku. Malam ya tsaya a gabansa, ba a gefe ba, ya zuba wa gwiwoyin ido. Su kasance a saitin yatsun ƙafa. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo baya, mazaunai su ja baya kamar mai shirin zama, ƙirji a ɗage. Kunne ma yana aiki: dira mai kyau ba ta da ƙara. In ka ji tim, a sake. Wanda ya iya da ƙafa biyu sai a koma ƙafa ɗaya, daga ƙasa tukuna, ɗan tsalle gaba a tsaya, ɗan tsalle gefe a tsaya. Yara za su ƙosa, za su ce Malam yaushe za mu fara na gaske. A gaya musu wannan ne na gasken. Mako biyu ko uku a kan wannan kaɗai ba asara ba ne.

Ƙasar da ake dira a kanta

Ƙauye yana da ƙasa iri-iri, kuma ba ɗaya suke ba a wurin ƙafa. Daɓen siminti na aji ko barandar makaranta shi ne mafi muni, ba ya shanye komai, duk abin da ka ba shi zai mayar wa ƙwauri da dunduniya. Faƙo da rana ta gasa a bazara bai fi shi da yawa ba. A ɗaya gefen ga rairayi mai zurfi, irin na jigawa ko na bakin rafi da rani. Masu bincike a Italiya, Franco Impellizzeri da abokansa, sun gwada 'yan ƙwallo a kan yashi da kan ciyawa na mako 4, suka wallafa a 2008. 'Yan yashi ba su sha ciwon jiki kamar 'yan ciyawa ba, sun kuma ƙaru, amma a tsallen da ke dogara da saurin mayarwar jijiya 'yan ciyawa sun fi su. Dalilin a fili yake: yashi yana nutsewa, ƙafa ta daɗe a ƙasa. To, a fara a rairayi lokacin koyon dira da gina ƙarfi, daga baya a koma ƙasa mai ɗan tauri, wadda aka share aka yayyafa wa ruwa. Gonar da aka girbe ba wurin tsalle ba ce sai an baje kunyoyin, an tone kututturen kara, an tsince ƙarangiya. A rairayi mai tsabta ƙafa ba takalmi ta wadatar. A ƙasa mai tauri a nemi kambas. Silifas kam a cire shi a ajiye.

Kima

Akwai abin da ke kama da atisayen tsalle a makarantunmu wanda ba shi ba ne, wato tsallen kwaɗo. A sa yaro ya kama kunne, ya tsuguna har ƙasa, ya yi ta tsalle sai ƙafa ta mutu. Duk sharuɗɗan da muka lissafa an karya su: gwiwa ta naɗe gaba ɗaya, ƙafa tana daɗewa a ƙasa, hannu ba ya taimakon daidaito, kuma ana yi ne har a gaji, lokacin da tsoka ta daina kare gaɓa. A Japan an daɗe ana sa 'yan wasan makaranta irinsa da sunan horo, daga baya aka watsar saboda ciwon gwiwa. Mai horarwar da ya ɗauke shi a matsayin atisaye yana ɓata gwiwa ne, ya kuma koya wa yaro cewa tsalle azaba ce.

Atisayen tsalle ana ƙirga shi ne da yawan taɓa ƙasa. Littattafan horarwa suna ba babban mutum sabon shiga 80 zuwa 100 a zama ɗaya, gogagge 120 zuwa 140. Yaro ya tsaya ƙasa da na sabon shiga. Sau biyu a mako ya isa, da tazarar kwana biyu ko uku, domin jijiya ta fi tsoka jinkirin warkewa da ginuwa. A yi shi a farkon zama, bayan an ɗumama jiki da sassarfa, tun ƙafa tana da ɗanyen ƙarfi. Kowane jeri gajere, tsalle 6 zuwa 10, a huta sosai, a sake. Da ka ga tsallen ya fara gajarta ko dirar ta fara ƙara, an gama na yau ko da lissafi bai cika ba.

Bayan makonnin dira sai tsallen igiya da tsallake layi, gaba da baya, dama da hagu, a kan gaban tafin ƙafa. Sai dogon tsalle zuwa gefe daga wannan ƙafa zuwa waccan. Sai a ɗauki raket a koyi tsallen almakashi, wanda ƙafafu ke musayar wuri a sama yayin bugu, a diro da ta baya a tura gaba. Faɗowa daga akwati a tashi nan take, irin na Verkhoshansky, sai wanda ya gama tsawo, ya iya tsugunno da ƙafa ɗaya gwiwa ba ta rawa, kuma daga ƙaramin tsayi.

Mai horarwa a ƙauye yana da wani lissafin da na birni ba shi da shi. Yaron da ya wuni yana noman firi ko huɗa ya riga ya ba ƙafarsa aikin rana, kada a ɗora masa tsalle da la'asar. Damina lokacin riƙe abin da aka samu ne, ginin sai kaka da hunturu. A bazara, da zafi ke haura digiri 40, sai da sassafe. Da azumi a rage ko a ɗaga zuwa bayan shan ruwa. Sannan a lura da masu shekara 10 zuwa 15, lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri: in yaro ya ce ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ko bayan dunduniyarsa na ciwo, har wurin ya ɗan tasa, ba ragwanci ba ne. Wurin da jijiya ta kama ƙashi mai girma ne ya ƙullu. A ɗauke masa tsalle har ya lafa. Abinci kuwa yana gida, wake da ƙuli-ƙuli da fura da nono da ƙwai, in dai ya samu ya ƙoshi.

Awo ba ya bukatar na'ura. Tef ɗin tela zai auna tsallen tsaye zuwa gaba, da ƙafa biyu da kuma kowace ƙafa ita kaɗai, agogon waya zai auna zagayen kusurwa shida na fili. A rubuta a littafi a farkon zango da ƙarshensa. In tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu tana da yawa, an san inda aiki yake.

Ido

Duk wannan rabin zafin nama ne. A 2006 Jeremy Sheppard da Warren Young na Ostareliya sun ja hankalin masu horarwa kan wani bambanci: gudun da aka san hanyarsa tun farko daban, motsin da ake yi don amsa abin da aka gani daban. Yaro yana iya zama na ɗaya a zagaya duwatsun da aka jera, ya shiga fili a yi ta aika shi gabas ƙwallo yana tafiya yamma. Gwanaye irin su Lin Dan na Sin da Lee Chong Wei na Maleshiya ba ƙafa kaɗai suka fi mutane ba. Lokacin da suke wasa sukan karanta kafaɗa da gwiwar hannu da fuskar raket, su tashi tun ƙwallo bai bar wurin abokin karawa ba.

Inda ido da ƙafa ke haɗuwa shi ne ɗan tsallen shiri. Daidai lokacin da abokin karawa zai taɓa ƙwallo, ɗan wasa yana ɗan ɗagawa ya buɗe ƙafa, ya sauka a lokacin da ya gane inda ƙwallon ya nufa, saukar nan ita ce ke ɗana jijiya ta harba shi. In ya yi wuri, ƙarfin ya salwanta yana jira. In ya makara, ƙwallo ya wuce. Ba akwatin da zai koyar da wannan. Sai an sa mutum a gabansa: malam ya tsaya a bakin raga yana nuna kusurwa da raket ba tare da tsari ba, ko ya riƙa jefa ƙwallo inda ya ga dama, ko yara biyu su fuskanci juna ɗaya yana motsi ɗaya yana binsa. A nan ma ɗan langa ya shigo da guzuri, domin ya saba kallon kafaɗar mai zuwa ture shi.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Anuoluwapo Opeyori, ɗan Legas, ya ci zinaren wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya sake ci a Accra, ya buga a gasar Olympics ta Tokyo da ta Paris, shi ne ma ya riƙe tutar ƙasa tare da Tobi Amusan a bikin buɗe gasar Paris. A Satumban 2024 Mariam Eniola Bolaji daga Kwara ta ci tagulla a gasar nakasassu ta Paris, lambar farko da wani ɗan Afirka ya taɓa samu a badminton a wannan mataki. Masu neman 'yan wasa a Kano sun saba tsayawa a ɗakin wasa na Ƙofar Mata da makarantun cikin birni. Ina roƙon Hukumar Wasanni ta jiha da malaman wasanni na Kwalejin Ilimi ta Bichi su fita da kaka, su je dandalin langa a Kunci da Tsanyawa da Makoɗa da Ɗambatta, da raket da raga a bayan mota. Su zaɓi yara maza da mata, su bar wa kowace makaranta malami ɗaya da aka koya wa duba gwiwa yayin dira, su dawo bayan mako 8 da tef su auna.